Kufiya a Gidajen Zariya: Daga Sayen Dashe Har Ta Haye Bazara

Duk wanda ya saba tsayawa wajen masu sayar da fulawa na bakin titi ya san wata 'yar gajeriyar shuka mai cunkoson ƙananan ganye, kore shar, da mitsi-mitsin furanni masu launin shunayya, wani lokaci farare ko ruwan hoda. Tsayinta da wuya ya wuce gwiwa, santimita 30 zuwa 60 ke nan, amma tana bajewa gefe da gefe har ta rufe ƙasa. Ba ta zubar da ganye rani da damina, kuma in ta samu kulawa kusan duk shekara tana cikin fure. Sunanta na kimiyya Cuphea hyssopifolia, asalinta daga Meziko da Gwatamala da Honduras, a nan kuwa zan riƙa ce mata kufiya. 'Yar dangin lalle ce da rumman, kuma zafin ƙasarmu ba baƙonta ba ne.

A ganina babu shukar ado da ta fi ta dacewa da ɗan ƙaramin fili, ko gefen baranda ne, ko bakin hanyar shiga zaure, ko harabar makaranta. Abin da ke damuna shi ne yawan wadda ke mutuwa a gidajen mutane tsakanin Fabrairu da Afrilu, kuma kusan kullum dalilin yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwarta siririya ce, a sama-sama take, ba ta jure ƙishi, ba ta kuma jure toka da ruwan sabulu. Yawancin abin da zan faɗa a nan a kan wannan saiwar yake.

Ka tabbatar da abin da kake nema

Turawa sun laƙaba wa kufiya sunan wata shuka ta ƙasashensu, wato heather, saboda kamar da suke yi daga nesa. Sai mutum ya ga hoton tuddan Sukotilan sun lulluɓe da furanni a intanet, ya zo yana neman irinta. Waccan ta hoton dangin erika ce, ba su haɗa jini da kufiya ba. Erika tana da nau'i fiye da 800, kusan 700 daga ciki a yankin Kef na Afirka ta Kudu, inda ruwan sama ke sauka a lokacin sanyi. Sauran suna Turai da kan manyan duwatsun Afirka, kamar tsaunukan Habasha da Kilimanjaro da Dutsen Kamaru, har da Tibesti a arewacin Chadi. A waɗannan duwatsun ma sai an hau sama sosai, inda dare ke da sanyi duk shekara, ake samun ta. Zariya kuwa tudunta bai wuce mita 650 zuwa 700 daga matakin teku ba, kuma ruwanmu da ɗumi yake zuwa.

Haɗuwar ɗumi da jiƙa ita ce ajalin erika, domin a irin wannan ƙasa cutar ruɓewar saiwa ke cinye ta. Ga shi tana son ƙasa mai tsami sosai, tsakanin 4.5 da 5.5 a ma'aunin tsami da ake kira pH, kuma takin zamani yana ƙona ta. Gane su ba wuya: ganyen erika siriri ne mai tsini, furenta a rufe mai siffar ƙararrawa, ganyen kufiya a baje yake, furenta a buɗe mai kunnuwa shida. Shawarata ita ce ka bar erika ga mutanen Jos da Mambila, inda sanyi zai iya ba ta dama. In ka nace, ka sa ta a tukunya da yashi da ruɓaɓɓen ganye, ka shayar da ita ruwan sama, ka ba ta ranar safe kaɗai, ka kuma sa a ranka baƙuwar 'yan watanni ce.

Mataki na farko: lokaci da wuri

Daminar Zariya daga Mayu take zuwa farkon Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara kimanin milimita 1,000, mafi yawansa a Agusta. Lokacin dashe shi ne Yuni, sa'ad da ruwa ya zauna, manoma sun gama shukar masara. Wadda aka dasa a lokacin tana da wata huɗu cur na kafa saiwa kafin iskar hunturu ta taso. Agusta ba ya da kyau saboda marka, ƙasa ta sha ta ƙoshi, sabon dashe na iya ruɓewa. Satumba ma ana yi, in ka san ba za ka yi wasa da ban ruwa ba. Maris da Afrilu kuwa ka haƙura. Na san a irin lokacin ne wasu ke son ƙawata gida don biki ko tarewar amarya. In haka ta kama, ka bar su cikin tukwane a inuwa, ka jera su ranar taro, dashe ya jira damina.

Wurin da ta fi so shi ne inda rana ke duka daga hantsi zuwa kusan azahar, sannan inuwa ta rufe. Gindin katangar da ke fuskantar gabas ya yi daidai. Katangar da ke fuskantar yamma kuwa tana shan rana har la'asar, ta kwana tana huro zafi, a bazara sai ganyen ya ƙone ta gefen bango. Ƙarƙashin mangwaro ko dalbejiya ma ba wurinta ba ne: za ta yi zangarniya tana neman haske, furen ya ragu, saiwar bishiyar kuma ta shanye ruwan da kake zubawa.

Akwai wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Zariya tana kusan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ranar tsaka ta ɓangaren arewa take bi, sauran watanni kuma ta kudu. Gindin katangar da ka gani cikin inuwa a Disamba yana iya zama cikin rana a Yuni. Ka yi wannan lissafin kafin ka haƙa rami. Ka kuma duba ko akwai abin da zai tare mata iskar hunturu, wadda ke kaɗowa daga arewa maso gabas.

Kada ka dasa a ƙarƙashin indararo, ko kusa da makwararar wanke-wanke. In gida ne mai awaki da kaji, ka tanadi waya ko ɗan shinge tun kafin ka kawo ta.

Mataki na biyu: sayen dashe

Yawancin masu saye fure suke kallo. Kai saiwa za ka kalla. Ka ɗaga ledar, ka juya ta, ka ce wa mai fulawar: "Malam, ɗan zare mini wannan in ga gindinta." Wanda ya yarda da kayansa ba zai ƙi ba. Lafiyayyiyar saiwa fara ce ko ruwan madara, ta ratsa ƙasar ta riƙe ta dunƙule. In ka ga ta yi baƙi, tana tsinkewa da ka taɓa, ko tana warin ruɓa, ka ajiye. In ka ga ƙulli-ƙulli a jikinta, wata tsutsa ce da ido ba ya gani ta shige ta, kuma in ka kai ta gida ka kai wa duk filinka cuta. In ƙasar ta warwatse ba ka ga saiwa ba, reshe ne aka soka kwanan nan, bai kama ba tukuna. Wadda kuma saiwarta ta fasa leda ta shiga ƙasa, aka fizgo ta da ƙarfi, za ta yi yaushi kafin ka isa gida.

Ka tambayi inda aka raine ta. In ya ce maka, "Alhaji, wannan a nan ta girma, da ita aka sha ɗarin bara," to ita ce taka. Wadda aka kawo daga Kudu kwanan nan ba ta saba da busasshiyar iskarmu ba, tana bukatar lallashi. Tsakanin doguwa mai fure da gajeriya mai rassa da yawa tun daga gindi, ka ɗauki gajeriyar. In a kan babur za ka ɗauko, ka sa su cikin kwali ko ka rufe da buhu, domin iskar gudu tana busar da ganyen. Da ka iso ka ajiye su a inuwa mai haske kamar mako guda, kana ba su ruwa, su huta.

Mataki na uku: ƙasa

A nan ne aikin yake, kuma wanda ya gaggauta a nan zai biya daga baya.

Ƙasar gona a yankinmu, wadda masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka daɗe suna nazari tun kafuwar tashar a 1922, tana da ɗan tsami-tsami, ba ta da ruɓaɓɓen abu da yawa, kuma samanta yana yin tauri bayan ruwa. Tsamin bai dami kufiya ba, ita da ke son pH tsakanin 5.5 da 7. Matsalar ita ce ƙasar cikin gida daban take da ta gona. Magina sun binne guntayen bulo da ragowar siminti da filasta a gindin katanga. Shekara da shekaru ana zubar da toka, ana watsa ruwan wanki. Duk waɗannan suna karkatar da ƙasa zuwa ɓangaren kanwa, kuma in ta karkata, sinadarin ƙarfe da ke cikinta yana ɗaurewa, saiwa ta kasa jan sa. Alamarsa a sabon ganye take fitowa: ya yi ɗorawa, jijiyoyinsa kaɗai su rage kore.

Gwaji mai sauƙi: ka ɗebo busasshiyar ƙasa daga wurin, ka zuba a faranti, ka matsa mata lemun tsami. In ka ga tana kumfa tana ƙara, akwai siminti ko farar ƙasa a ciki. Irin wannan ƙasar kwashe ta ake yi, zurfin santimita 30, a kawo wata. In babban fili ne za ka ƙawata, kai samfurin ƙasa ɗakin gwaji na masana ƙasa a Samaru ya fi araha a kan asarar dashe ɗari.

Gwaji na biyu na tsanewar ruwa ne. Ka haƙa rami zurfin santimita 30, ka cika da ruwa, ka bari ya tsane, ka sake cikawa da safe. In azahar ta yi ruwa na nan kwance, ƙasar tana riƙe ruwa, ko laka ce ko marmara ce a ƙasa. Ka fasa da diga, sannan ka tayar da kunya mai tsayin santimita 15 zuwa 20 ka dasa a kanta.

Haɗin da nake ba da shawara shi ne kwanon sarki biyu na saman ƙasar gona, ɗaya na yashin rafi mai kauri, ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Kashin shanu ya yi, amma wanda ya daɗe har ya yi baƙi, ba wari, ba ɗumi in ka cusa hannu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa nan take. Takin juji, wanda manomanmu ke kaiwa gonar masara, yawancinsa toka ce, don haka ka bar wa masara abinta. Ruɓaɓɓen ganye ya fi duka, in ka samu, ruɓaɓɓen ɓuntun shinkafa ma yana sa ƙasa ta sake. Ka gauraya, ka yayyafa ruwa, ka dunƙula a hannu. Haɗi mai kyau zai dunƙule, amma da ka taɓa shi da yatsa ya warware washar-washar kamar dambu. In ya manne a tafi, ƙara yashi. In ya ƙi dunƙulewa sam, ƙara taki.

Kada ka ɗebo ƙasa daga inda aka saba noman tumatir ko kuɓewa ko yalo, saboda tsutsar nan mai ƙulla saiwa a irin wuraren take taruwa, kuma kufiya ba ta da ƙarfin jure ta. In kana shakkar ƙasarka, zafin bazara zai yi maka aiki kyauta: a Maris ko Afrilu ka jiƙa ta sosai, ka rufe da farar leda mai shara-shara, ka danne gefunan da ƙasa, ka bari mako huɗu zuwa shida. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashi yana rage tsutsar da irin ciyawa. Ka ga ke nan shirin dashen Yuni tun bazara ake fara shi.

In a tukunya za ka shuka, faɗinta ya kai santimita 25 zuwa 30, da huda uku ko huɗu a gindi. Tukunyar ƙasa tana sanyaya saiwa, sai dai tana saurin bushewa. Baƙar roba kuwa in rana ta doke ta dafa saiwa take yi. Tsohon bokitin fenti, in an wanke shi tas an huda, yana aiki.

Mataki na huɗu: dasawa

Da la'asar sakaliya ake yi, ko ranar da hadari ya rufe. Ka shayar da dashen tun da safe. Faɗin rami ya ninka na ledar, zurfinsa kuwa daidai da ita. Ka tsaga ledar da reza ka cire ta gaba ɗaya. In saiwar ta naɗe a gindi, ka ɗan warware ta da yatsa a hankali. Wuyan shukar ya tsaya daidai da fuskar ƙasa, domin binne wuya yana jawo ruɓa. Ka cika, ka danna da tafin hannu, ka zuba ruwa har ya ratsa. In layi kake so ya haɗe ya zama ɗan shinge, tazarar santimita 30 zuwa 40. In so kake kowacce ta baje ta nuna siffarta, 50 zuwa 60.

Sai ka rufe ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, kaurin yatsu biyu zuwa uku, amma ka bar fili kewaye da karan, kada rufin ya taɓa shi, don gara. A makon farko ka kafa mata guntun zana ta ɓangaren yamma.

Mataki na biyar: ban ruwa, wata bayan wata

Ma'auninka yatsanka ne. Ka soka shi cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu. In ka ji danshi ka bari, in ka ji bushewa ka zuba. Mako biyun farko kullum za ka duba. Bayan nan damina za ta ɗauke maka aikin, sai in ruwa ya yi fashi. A Agusta aikinka ya koma buɗe wa ruwa hanya, da ɗora tukwane a kan duwatsu don gindinsu ya tsane.

Tarkon farko yana ƙarshen Oktoba. Ruwa ya ɗauke, shukar tana nan kore shar, mai gida ya saba ba ya ba ta ruwa, sai a yi mako biyu ba wanda ya tuna. Kafin ganye ya nuna alama, ƙananan saiwoyin sama sun riga sun mutu. Da ruwan ƙarshe ya sauka ka fara duba ta.

A hunturu laimar iska tana sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, sanyin dare kuma yana kaiwa digiri 12 zuwa 14. Wannan sanyin ba ya kashe ta, girmanta ne kawai ke raguwa, ganyen ya ɗan yi duhu. Bushewar iskar ce abin tsoro. Ta cikin ƙasa ka ba ta ruwa bayan kwana bibbiyu, ta tukunya kullum, da safe. Sau ɗaya a mako ka wanke mata ƙura, sama da ƙasan ganye, domin ƙura tana toshe ganye tana kuma gayyato ƙwari.

Bazara ita ce jarrabawar. Zafi yana kaiwa digiri 36 zuwa 38, wani lokaci ya wuce. Ta ƙasa kullum, kimanin buta guda ga kowane gindi, a zuba a hankali ya nutse; yayyafin sama-sama yana jawo saiwa ta taso inda zafi zai kashe ta. Ta tukunya safe da yamma. Ka ɗauke tukwane daga kan siminti, ka haɗa su wuri ɗaya a inuwa, ka ƙara kaurin rufin gindi. In ta yi yaushi da azahar ta miƙe kafin magariba, ba komai. In ka tashi da asuba ka same ta a langaɓe, ka tona ka gani: ƙasa a bushe ƙishi ne, ƙasa a jiƙe kuwa saiwa ce ta fara ruɓewa, ƙara ruwa zai ƙarasa ta. Tukunyar da ta bushe har ƙasar ta janye daga jikinta ba ta shan ruwa ta sama, sai ya zurare ta gefe. Ka tsoma ta cikin bokiti har kumfa ya daina fitowa. Wadda ganyenta ya bushe ƙarmas kada ka yi saurin tumɓuke ta. Ka kankari karan da farce kusa da gindi. In akwai kore a ciki, ka datse busassun rassa, ka ci gaba da ba ta ruwa, sau da yawa tana tohowa.

Irin ruwan ma abin dubawa ne. Na sama ya fi kowanne, in kana da randa ko tanki ka tara. Na famfo ka bar shi ya kwana. Na rijiya ko burtsatse, ka leƙa cikin butar shayinku: in farin abu yana daskarewa a gindinta, shi zai taru a tukunyar ma, don haka sau ɗaya a wata ka kwarara ruwa mai yawa har ya fita ta huda ya wanke. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko ganye duk suna da kyau, har ma ina ganin gefen wurin alwala yana cikin wuraren da suka fi dacewa da ita, muddin ruwan ba ya kwanciya.

A wani gida a Tudun Wada na ga layin kufiya a gindin baranda, na farkon layin kore shar, na tsakiya sun fara ɗorawa, na ƙarshe kuwa ƙirare kawai suka rage. Rana ɗaya aka dasa su, hannu ɗaya ke ba su ruwa. Na ce, "Hajiya, ina yara ke juye ruwan wanki?" Ta nuna mini daidai ƙarshen layin, ta ce, "Ai cewa na yi su riƙa zuba mata, kada ruwan ya tafi a banza." Niyyar mai kyau ce, a garin da ake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. Amma garin sabulun wanki yana da gishiri da sinadarai masu kanwa-kanwa, kuma a saman ƙasa suke taruwa, daidai inda saiwar take.

Taki da aski

Ba mai ci ba ce. Tafi guda na ruɓaɓɓen taki a gindi, farkon damina da ƙarshenta, ya kusan isa. In za ka ƙara da kamfa, NPK 15-15-15, ƙaramin cokali ɗaya ga kowane gindi, a barbaɗa nesa da kara a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, sau ɗaya a Yuli sau ɗaya a farkon Satumba. Ta tukunya rabin haka. Kada ka sa takin zamani a bazara. Yuriya tana kawo ganye ta rage fure. In sabon ganye ya yi ɗorawa, shagunan kayan gona suna sayar da takin sinadarin ƙarfe, ka bi ƙa'idar da ke jikinsa, amma in ba ka tsayar da toka ko ruwan sabulun ba, ɗorawar za ta dawo.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A watannin farko ka riƙa tsinke kan rassa da farce, kowane kai da ka tsinke zai fitar da biyu. A jikin sabon reshe take fure, don haka ɗan aski da almakashi bayan mako shida zuwa takwas a damina yana ƙara furen. Babban aski, wanda za a rage kashi ɗaya cikin uku, sau ɗaya ne a shekara, lokacin da ruwa ya fara zama. Ba a yin sa a hunturu ko bazara, domin ganyen ne ke yi wa saiwar inuwa. Masu lambu da yawa suna yanke ta murabba'i. Ni ban so, don kyanta yana cikin yadda rassan ke bajewa hawa-hawa. In shinge kake so, ka bar ƙasan ya fi saman faɗi, haske ya kai gindi.

Ƙwari

Da rani, in ganye ya yi ɗigo-ɗigo ya dusashe, ka riƙe farar takarda a ƙarƙashin reshe ka kaɗa. In ka ga 'yan jajayen ɗigo suna motsi, ƙananan dangin gizo-gizo ne masu tsotsar ganye, wanka da ruwa mai ƙarfi yana rage su. Darɓa da farin ƙuda da wani farin ƙwaro mai lulluɓin auduga suna zuwa kan sabon toho, kuma jerin tururuwa a jikin kara shi ne alamar farko. Akwai kuma 'yan ƙwari masu tsalle da ke huhhuda ganye.

Ga dukkansu dalbejiya ce makamin farko. Ka ɓare busassun 'ya'yanta, ka daka kimanin giram 50, ka jiƙa a lita ɗaya na ruwa ya kwana, ka tace da ƙyalle, ka sa ɗan ƙanƙanin sabulun salo don ya kama ganye. Ka gwada a reshe ɗaya tukuna, in bai ƙone ba ka fesa duka, har ƙasan ganye, ka maimaita bayan mako. Bayan magariba ake feshi, saboda ƙudan zuma suna son furen kufiya ƙwarai, yini suke a kanta. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba na son a fesa mata maganin gona mai ƙarfi. Gara kuwa yawanci shukar da ƙishi ya raunana take kamawa. Ka janye rufin gindi, ka rushe hanyarta, ka gyara ban ruwa. Wadda ta tsumbure, ka tumɓuke ka ga ƙulli a saiwa, ƙona ta za ka yi, kada ka maye gurbinta a ramin sai ka canza ƙasar.

Yadda za ka samu sababbi ba da kuɗi ba

Bayan shekara uku ko huɗu gindinta yana yin icce, tsakiyar ta buɗe, kyan ya ragu. Ka tanadi magadanta tun kafin lokacin. Daga Yuni zuwa Satumba, da sassafe, ka yanko kan reshe mai tsawon santimita 8 zuwa 10, wanda ya wuce laushi bai kai tauri ba. Ka zage ganyen rabin ƙasa, ka cire furanni. Ledar fiyawata da aka yanke kai aka huda gindi ta isa. Ka cika da yashi da ruɓaɓɓen taki rabi da rabi, ka huda da tsinke, ka soka reshen zuwa rabinsa, ka danna. Ka kifa masa gorar roba da aka yanke gindi, ka cire murfin don iska ta shiga, ka ajiye a inuwa mai haske. Danshi ake so, ba caɓi ba. Cikin mako uku zuwa huɗu, in ka ɗan ja ka ji ya riƙe, ya yi saiwa. Ka soka fiye da bukatarka, ba duka ke kamawa ba.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi. Ka kwantar da reshen ƙasa ba tare da ka yanke shi ba, ka rufe tsakiyarsa da ƙasa, ka danne da dutse. Bayan kamar wata guda ko fiye ka tona ka duba, in ya yi saiwa ka raba shi da uwar. Tana kuma zubar da iri, a damina za ka ga 'ya'ya sun tsiro a gindinta. Ka ciro su da ƙasarsu da cokali, sai dai launin furensu ba lallai ya zo daidai da na uwar ba. Waɗanda suka tsiro a bakin kwata ko bayan katanga ka tumɓuke su, domin a wurare masu laima tana iya bazuwa inda ba a gayyace ta ba.

Waɗanda suka kama kafin ƙarshen Yuli ka cire musu gorar, ka saba musu da ranar safe na mako guda, ka dasa su a daminar nan. Na Agusta da Satumba kuwa ka mayar da su tukwane masu ɗan girma, ka jera a gindin katangar gabas inda hannunka zai riƙa kaiwa kullum, su yi hunturu da bazara a nan, a dasa su a Yuni mai zuwa.